Baffa a Bakin Gaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, ƙanin mahaifina, ya amsa kiran Mahaliccinsa da hantsin wata Alhamis cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka. An kwana biyu rana ba ta leƙo ba. Kafin a kawo gawarsa daga asibiti, ƙofar gidanmu a Rigasa ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi a kan ƙasa mai danshi, masu gaisuwa suna tsallake kududdufai da takalmansu a hannu.

Na zauna a gefe ina amsa gaisuwa, kunnena kuma yana ɗaukar abin da bakin mutane ke saki. Dattawan unguwa suka ce Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara a hankali, “Sai dai rigima.” Babu wanda ya musa masa. Wani mai faci ya zo tun daga Kawo, ƙato ne, hannuwansa baƙi ƙirin da man taya. Ya durƙusa zai yi gaisuwa, kuka ya ƙwace masa. Da ya samu bakin magana sai ya ce, “Ni fa sau biyu Malam yana kayar da ni a jarrabawa.” Ya sake fashewa da kuka. Daga cikin gida na jiyo muryar matar Baffa tana daka wa wata mai shara tsawa, wai a bar mata duwatsun nan inda suke. Duwatsun da ta yi rayuwar aurenta tana mitar sun cika mata ɗaki, sun ɓula wa mijinta aljihu.

Mahaifina yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, bai ce wa kowa komai ba sai amin. Shi ne yayan mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Katanga ɗaya ce ta raba sashensa da na Baffa, amma an yi shekaru ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Da masu haƙa kabari suka zo tambayar inda za su haƙa, bai ko ɗago kai ba.

“A gaban Inna,” in ji shi. “Ta wajen rafi.”

Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce, kullum ina cikin ƙasa, kuma na san wurin nan kamar yunwar cikina. Makabartar unguwarmu tana kan tudu, rafi ya bi ta bayanta, kuma duk damina sai rafin ya gutsuri rabonsa. Katangar ɓangaren ta daɗe da zubewa. Kabarin kakata, wadda su Baba ke kira Inna, shi ne yanzu a layin ƙarshe. Gabansa ɗan fili ne da bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, daga nan sai gaɓa mai tsayin da ya fi na ɗaki. A nan Baba ya ce a sa ƙaninsa, ga hadari bai gama da mu ba.

Na matsa kusa da shi, na rage murya. “Baba, wurin nan fa...”

“Ba a nan ba,” ya ce, ya ci gaba da jan carbinsa.

Na koma na zauna, zuciyata tana tafasa. Abin da ya zo mini shi ne Baba bai huce ba. Na ce a raina, wato faɗan da suka yi da rai zai ƙarasa shi a kan gawa. Aka ce sai bayan azahar za a yi sallah, don haka na samu lokacin da ban so samu ba, na zauna ina tuna mutumin da ake shirin miƙa wa ruwa.

Duk wanda ya yi sakandaren unguwarmu a zamanin Baffa, da Malam Taɓo ya san shi. Labarin ƙasa yake koyarwa. Sauran malamai suna shiga aji da alli da bulala, shi kuwa da bokiti da buta. Ranar farko yakan ce kowa ya buɗe tafin hannunsa. Ya bi layi yana dubawa, yana girgiza kai kamar likita ya ga ciwo. “Tas-tas,” yakan ce. “Wato ba ku fara karatu ba tukuna.”

Ni na sha wahalarsa ninki biyu, domin a makaranta ɗalibinsa ne, a gida kuma ɗansa. 'Yan ajinmu in an tashi sun huta. Ni ko tuwo nake ci sai in ga hannu ya miƙo dutse ta kan katanga, a ce in faɗi daga ina ya fito. In na ce ban sani ba, ya ce to in lasa. Na lashi duwatsun Kaduna da ba su ƙirguwa.

Aikin gidansa ba a littafi ake yin sa ba. Yakan ce kowa ya ɗebo ƙasar tsakar gidansu ya zo da ita. Mu zuba a kwalba, mu cika da ruwa, mu girgiza har hannu ya gaji, mu jera a taga. Washegari sai ka tarar ƙasar ta rarrabu da kanta: tsakuwa da yashi sun kwanta a gindi, laka ta hau kansu, yumɓu ya zauna a sama. Kwalbar wanda gidansu ke tudu daban, ta ɗan bakin rafi daban. Daga nan sai darasin igiya. Ka jiƙa ƙasa kaɗan, ka murza ta tsakanin tafukanka har ta yi tsawo kamar igiya, sannan ka lanƙwasa ta ka yi zobe. In ta lanƙwasu ba ta tsage ba, yumɓu ce, tana iya riƙe kanta. In ta wargaje a hannunka, yashi ne. “Yashi ba shi da zumunci,” in ji Baffa. “Kowace ƙwaya ta kanta take yi.”

Wanda ya fi shiga ran yara shi ne darasin buta. Yakan jingina faranti biyu a jikin bulo, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasar da ya yanko da ciyawarta. Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya wa kowanne ruwa. Na ciyawar, ruwa ya fito kusan garau. Na tsirarar kuwa ja wur, farantin ya koma rabi. Sai ya ajiye butar, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya ce, “To, wanne ne unguwarku?”

Ina cikin wannan tunani aka ce ana sallama da ni a zaure. Wata 'yar ajinmu ce, yanzu ma'aikaciyar jinya. Bayan mun gaisa ta ce akwai abin da take so wani daga gidan ya sani. Kayan makaranta kala ɗaya gare ta a lokacin, kuma ranar da aka fara fita da su rafi ta koma da su jage-jage. Mahaifinta mutum ne mai zafi. Ta tsaya a bakin makaranta tana kuka, ta kasa tafiya gida. Baffa ya tura kekensa ya raka ta har ƙofar gida, ya yi sallama da uban. “Ya ce masa, Alhaji, ni na ɓata mata kaya, ni za a yi wa faɗa,” in ji ta. “Kuma wallahi ya tsaya aka yi masa, tas.” Daga ranar ne ya fara zuwa da buhun tsofaffin rigunansa, kowane yaro ya zura ɗaya kafin ya taɓa taɓo. Na tuna buhun sarai. Ban taɓa sanin dalilinsa ba sai ranar.

Rigimar da ta raba shi da Baba kuwa a kan idona aka yi ta. Ina aji uku, kakata ba ta daɗe da rasuwa ba. Baffa ya kwashe mu, maza da mata, ya gangara da mu cikin rafin bayan makabarta, don a nan ne gaɓa ta fito fili kamar an yanka ta da wuƙa. Ya nuna mana baƙar ƙasa a sama, jan yumɓu a ƙarƙashinta wanda bai fi kamu ɗaya ba, daga nan har ƙasa farin yashi zalla. Ya nuna mana sawun tifofin da ke shigowa ɗiban yashi, sun rarake gindin gaɓar. Ya nuna mana lambatun unguwa da leda ta toshe, ruwa ya bar hanyarsa ya dawo nan. Ya ce ruwa ba daga sama yake cin gaɓa ba, daga ƙasa yake lasar yashin, har yumɓun ya rasa abin takawa ya rufta.

Yana cikin bayani wani yaro ya ɗaga yatsa sama. Wani farin ƙyalle ne ya leƙo daga jikin gaɓar. Ba sai an gaya wa kowa mene ne ba. Mata suka sa ihu. Baffa ya ce duk mu juya baya mu karanta Ƙulhuwallahu. Na saci kallo, na ga ya tuɓe babbar rigarsa, ya rarrafa sama da hannu da ƙafa, ya lulluɓe wurin.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Iyaye sun fusata, kuma babu wanda ya kai Baba zafi, wataƙila don abin kunyar daga gidansa ya fito.

“Ka rasa inda za ka kai 'ya'yan mutane sai kan matattu?” in ji Baba. “Har da mata?”

“Ba kan matattu na kai su ba, Yaya. Matattun ne suka fito suka same mu.”

Wannan amsa ta ƙara wa wutar fetur. Baba ya ce ƙasa ta Allah ce, ruwa na Allah ne, duk inda ya kai mamaci Mai shi Ya san inda zai tashe shi. Baffa ya ce haka ne, amma tifa da leda aikin hannunmu ne, kuma mu za a tambaya. Ya roƙi a hana ɗiban yashi, a share lambatu, a dasa ciyawa a gaɓar. Da ya ga mutane sun fara kaɗe riguna za su tashi, sai ya saki maganar da ta fi ƙarfin wurin.

“In aka bar shi haka, wata rana a ƙarƙashin gada za mu tsinci Inna.”

Baba ya miƙe tsaye. Na ga hannunsa ya tashi, na ga ya sauka a hankali. “Daga yau,” ya ce, “kada ka ƙara sa Inna a cikin karatunka.” Da daddare aka kawo musu tuwo a kwano ɗaya kamar kullum, Baba ya ce a raba. Ba a sake haɗawa ba.

An kai ruwa rana kafin ƙurar ta lafa. Makaranta ta hana fita da ɗalibai, aka mayar da darasin buta bayan aji. Kabarin da ya buɗe aka sauya masa wuri, aka yi wa katanga faci, kowa ya koma harkarsa. A lokacin akwai layuka da dama tsakanin kakata da gaɓa, don haka mutane suka ɗauki maganar Baffa a matsayin zafin baki.

Shi bai bari ba. Da ya yi ritaya sai ya koma gaɓar da fartanya. Jema yake dasawa, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ke kama ƙasa. Ya dasa awaki su tuge, ya sake dasawa ruwa ya tafi da ita, don mutum ɗaya ba ya dasa abin da zai tare rafi. Ya nemi tsofaffin ɗalibansa. Mu kuwa ɗaliban Baffa mun iya gaisuwa. In muka gan shi a kasuwa har ƙasa muke durƙusawa, mu karɓi kayansa, mu ce, “Malam, ranar Asabar in sha Allahu muna nan tafe.” Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba ya fushi. Dariya yake yi ya ce, “Ku ma yashi ne.” Layukan nan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk damina ana kwashe abin da ya rage na bayin Allah ana mayarwa sama, har kakata ta zama ita ce a baki.

Aka sallaci Baffa bayan azahar. Mun ɗauki makara gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi tana kaɗa rigunan mutane. Ban taɓa ganin jama'a haka a makabartarmu ba, kuma rabinsu na san su da rigunan buhu. Da muka isa, ido ɗaya na yi wa ƙasar da aka tono. Ɗan jan yumɓu a gefe guda, sai tulin farin yashi. Na dira cikin ramin. Na dafa bangonsa ta wajen rafi, ya zubo mini a ƙafa. Na damƙi ƙasar, na jiƙa da butar masu haƙa, na murza, na fito na je gaban mahaifina na durƙusa, na buɗe masa hannuna.

“Baba, ka duba.”

“Na gani.”

“Wurin nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Ga fili can sama wajen ƙofa, jar ƙasa ce zalla. Yanzun nan za mu haƙa. Don Allah, Baba.”

“Nan za a sa shi.”

Ban san lokacin da na shafa wa idona toka ba. “Yana raye ba ka saurare shi ba,” na ce. “Yanzu ya mutu kuma za ka ba ruwa shi?”

Salati ya tashi ta ko'ina. Wani ya ja rigata ta baya. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, sai ga shi na yi a gaban gari, gawar ƙaninsa tana ajiye a ƙasa. Na jira mari.

Baba ya miƙa wa na kusa da shi carbinsa. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a gaban tulin. Ya ɗebi ƙasa, ya ce a miƙo masa buta. Ya ɗiga ruwa daidai yadda ake ɗigawa, ba yawa ba kaɗan. Ya murza tsakanin tafukansa, ya yi ƙoƙarin lanƙwasawa, ta wargaje.

“Yashi ne,” in ji shi. “Ba shi da zumunci.”

Ya dube ni, idanunsa jawur.

“Kana tsammani katangar gidan nan kurma ce? Shekara nawa ina jin karatun nan.” Ya kakkaɓe hannu. “Na je wurinsa asibiti shekaranjiya. Ban gaya wa kowa ba. Ya ce mini, Yaya, ka hana ni sa Inna a karatuna, na bari. To ni ka sa ni a gabanta. In ruwa zai je gare ta, ya fara bi ta kaina.”

Ya ci gaba.

“Na ce masa wannan wauta ce. Ya ce, Yaya, yarana suna da yawa. Ba su da zuciyar dasa ciyawa, amma ba za su iya kallon likkafanina a jikin gaɓa ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Abu ɗaya ke nan da ya roƙe ni tun ranar nan, kuma na ce masa to.”

Na waiga, na ga 'yan ajinmu da na gabanmu da na bayanmu duk sun sunkuyar da kai. Mun gane. Malam Taɓo ya ba da aikin gida, kuma wannan karon babu wanda zai ce ya manta.

Liman ya yi gyaran murya. Tsoho ne mai taka-tsantsan, ba ya gaggawa ko da sama za ta faɗo. Ya ce wasiyyar mamaci abar girmamawa ce, amma ba a binne Musulmi inda aka tabbata ruwa zai tone shi. Ya juyo gare ni.

“Kai ne mai haƙa ƙasa. Tsakaninka da Allah, wurin nan zai riƙe?”

Duk idanu suka dawo kaina. In na ce a'a, za a ɗauki Baffa a kai shi sama, Baba ya karya alkawarin da ya yi wa ƙaninsa a gadon mutuwa, kakata kuma ta ci gaba da zama ita kaɗai a bakin ruwa. In na ce e, na yi ƙarya a kan gawar mutumin da ya koya mini murza ƙasa. Aka yi wata tsawa can gabas.

“Allah gafarta Malam,” na ce, “shi kaɗai ba zai riƙe ba. Sai in an riƙe shi.”

“Wa zai riƙe shi?”

Na ji ɗigon farko a bayan wuyana. Liman ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi makara, na ga ya buɗe baki zai ce a ɗauka.

“Ina da tsofaffin tayoyi,” in ji wata murya daga baya. Mai facin nan ne na Kawo. “Sun kai tsayin ɗaki. Dama sun ishe ni.”

Wani ya ce yana da a-kori-kura. Wani magini ya ce akwai ragowar duwatsu a wurin aikinsa, zai roƙi mai gini. Wani ya ce shi ba shi da komai sai ƙarfi. Sai ga wani daga can gefe yana cewa to ai shi ke nan, ranar Asabar sai a haɗu.

“Yau,” na ce. “Ba Asabar ba.”

Mai faci ya yi wata irin dariya da hawaye a ciki. Liman ya daɗe yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga shaidu. Sannan ya ce, “Bismillah, ku sa shi.”

Ni da Baba muka shiga muka karɓe shi. Muka jera itace, muka toshe da jan yumɓun da aka ware. Kafin a gama addu'a ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dattawa suka koma gida, mu muka gangara rafi da kayan jana'izarmu a jiki. Muka jera tayoyi a gindin gaɓar, muka cika su da duwatsu, muka ɗaure su da waya. Ma'aikaciyar jinyar nan ta tattaro mata a wajen katanga, suna cika buhuna da ƙasa suna miƙo mana. Wasu suka shiga lambatu har gwiwa suna zaro leda, don ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa. Da aka kira magariba babu wanda za ka iya gane fuskarsa. A cikin satin muka samo jema muka dasa layi-layi, muka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Baba kuwa ya ɗauki kujerarsa ya dasa a bakin hanyar da tifofi ke bi su shiga rafi. Direbobi suka yi ta hon, suka yi ta magana, ko gezau. Ba wanda ya iya taka dattijo mai zaman makoki, daga baya mai unguwa ya sa aka gindaya dutse a wurin.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da Baffa, kuma har yanzu wani lokaci ina yi. Ya ɗaure mu da igiyar da ba ta kwantuwa. Da can in hadari ya haɗo murna nake, don rijiyoyi za su kawo ruwa. Yanzu ko ina tsakiyar aiki a Abakpa na ga gabas ta canza, sai hankalina ya koma gaɓar. Wayata ta yi ƙara, Baba ne, ba sallama ba gaisuwa. “Ya haɗo,” ya ce, ya kashe. In bar injin da yara in kama hanyar Rigasa. A kan hanyar ina masa addu'a ina masa mita, yadda matarsa take yi da duwatsun nan.

Ruwan da ya fi kowanne ƙarfi ya zo ana dab da sallamar damina. Ya kwana yana zuba. Ana idar da sallar asuba na duba sahu ban ga Baba ba, na fita da gudu. Tun daga nesa nake jin rurin rafin. Da na shiga makabarta na hango gefen gaɓar ya rufta. Na ƙarasa. Layin tayoyi na ƙasa ya tafi gaba ɗaya, ruwa ya gutsuri ɓangaren da jemar ba ta gama kamawa ba. Inda ta kama kuwa yana nan, saiwoyinta sun fito suna reto amma sun riƙe ƙasarsu. Tsakanin sabon bakin gaɓa da kabarin Baffa bai fi taku ɗaya mai kyau ba. Kabarin yana nan. Na kakata a bayansa ko tsagewa bai yi ba.

Baba yana wurin tun kafin ni. Farar rigarsa ta sallah ta koma ja har ƙirji. Yana durƙushe yana mayar da wani tushen jema da ya tuge, yana danna gindinsa da tafin hannu.

“Ya riƙe?” ya tambaye ni, bai juyo ba.

“Yau dai ya riƙe, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya yunƙura zai tashi ya kasa, na kama shi. Ya tsaya yana kallon rafin, ya daɗe.

“Ka je makarantar nan,” ya ce. “Ka ce wa shugaban ni na aiko ka. Ya turo yaran.”

“Waɗanne yara, Baba?”

“'Yan aji. Maza da mata. Su tsaya daga cikin rafi in ruwa ya janye, ka nuna musu yadda ya nuna muku. Buhun rigunansa yana nan wajen matarsa, na tambaya.”

Ya nuna ɗan filin da ya rage a gefen Baffa da yatsansa mai taɓo.

“Ni nan za ku sa ni. Ku kuma kun fara furfura. To wa zai riƙe mu?”

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa rigimarsa, Ya sa ƙasar da ya so ta yi masa sauƙi. Mu da ya bari a bakin gaɓa, Allah Ya sa kada mu zama yashi.